Yadda Ake Ƙaura Daga JBoss EAP 7.4 Zuwa 8.0 Tare Da Cin Moriyar Sababbin Abubuwansa

A watan Fabrairu na 2024 kamfanin Red Hat ya fitar da JBoss EAP 8.0, sabuwar sigar sabar da manyan kamfanoni da hukumomi suke ɗora manhajojinsu na Java a kanta. An gina wannan siga a kan WildFly 28, sabar Java ta kyauta wadda Red Hat take tallafa wa, kuma ta zo da sauye-sauye guda huɗu masu nauyi: ta koma bin ƙa'idojin Jakarta EE 10 maimakon Jakarta EE 8, ta daina aiki da Java 8, ta cire tsohon tsarin tsaro na PicketBox baki ɗaya, sannan ta sauya hanyar girka sabar da sabunta ta. Duk wanda yake riƙe da manhaja a kan EAP 7.4, wadda aka fitar a 2021, ba zai iya kauce wa ƙaura zuwa jerin EAP 8 ba, domin lokacin kulawar da Red Hat take ba wa jerin EAP 7 na yau da kullum ya ƙare a tsakiyar 2025, abin da ya rage shi ne tsawaita tallafi na musamman da ake biya daban.

Babbar shawarar da wannan bayani ya tsaya a kanta ita ce kada a haɗa sauye-sauyen nan huɗu a rana ɗaya. Biyu daga cikinsu, wato tsaro da sigar Java, ana iya kammala su tun manhajar tana kan 7.4, inda komai sananne ne kuma hanyar komawa baya a buɗe take. Idan aka yi haka, ranar da wani abu ya lalace za a san daga ina matsalar ta fito, ba a tsaya ana zargin abubuwa huɗu a lokaci guda ba.

Mataki na farko: ƙidaya abin da kake da shi

Kafin ka taɓa komai, ka rubuta jerin dukkan fayilolin WAR da EAR, wato ƙunshin manhajojin da ke kan sabar, da sigar Java da suke aiki da ita, da rumbunan bayanai da suke magana da su, da layukan saƙonni, da kuma duk wani abu da aka ƙara da hannu a cikin foldar modules, musamman direbobin JDBC masu haɗa manhaja da rumbun bayanai. Ka kwafi foldar standalone/configuration, ko domain/configuration idan sabobinka suna ƙarƙashin jagorancin saba guda, ka adana ta a wuri na daban tare da fayil ɗin standalone.conf.

Bayan haka ka bi da kowace manhaja ta cikin Migration Toolkit for Applications, kayan binciken da Red Hat ta tanada, ka zaɓi eap8 a matsayin inda za a nufa. Zai fitar da rahoto da ake buɗewa a burauza, wanda yake nuna kowane fayil da kowane layi da ke buƙatar gyara, tare da ƙiyasin wahalar aikin. Adadin abubuwan da rahoton zai lissafo yakan firgita mutum a kallon farko, amma mafi yawansu sauyin sunan fakitocin kod ne daga javax zuwa jakarta, wanda na'ura za ta yi cikin mintuna. Abin da ya cancanci a zauna a karanta da natsuwa shi ne sashen laburaren waje, domin a nan ne ainihin tsawon aikin yake ɓoye. Manhajar da ta dogara da Spring 5, alal misali, ba za ta samu shiga ba sai an ɗaga ta zuwa Spring 6, wanda shi kansa yake buƙatar Java 17, kuma wannan aiki ne mai zaman kansa da ya kamata a ware masa lokaci tun yanzu.

Mataki na biyu: koma Elytron tun kana kan 7.4

Wannan shi ne mataki mafi cin lokaci, kuma shi ne wanda aka fi yawan jinkirtawa. A EAP 7.4 tsarin tsaro biyu ne suke zaune tare: tsohon sashen security na PicketBox, da sabon sashen elytron. A EAP 8.0 na farkon babu shi kwata-kwata, haka ma tsofaffin security-realm da ke cikin sashen gudanarwa, da PicketLink, da ma'ajiyar kalmomin sirri da ake kira vault. Tun da 7.4 tana ɗauke da duka biyun, ita ce wurin da ya fi dacewa a yi sauyin, domin za ka iya gwada sabon tsarin a gefen tsohon.

Ka fara da sabar kanta. A cikin foldar docs/examples akwai fayilolin umarni da Red Hat ta shirya, irin su enable-elytron-se17.cli a sabuntawar 7.4 na baya-bayan nan, waɗanda suke mayar da hanyar shiga sashen gudanarwa da mai sauraron HTTPS zuwa Elytron. Ka gudanar da shi da jboss-cli.sh a kan sabar gwaji, sannan ka tabbatar cewa https-listener na sashen undertow yanzu yana nuni ga ssl-context, ba ga security-realm ba.

Daga nan sai manhajoji. Kowane tsohon security-domain yana da takwaransa a Elytron. Wanda yake duba masu amfani a rumbun bayanai zai zama jdbc-realm, wanda yake tambayar LDAP ko Active Directory zai zama ldap-realm tare da dir-context, wanda kuma yake karanta fayilolin users.properties da roles.properties zai zama properties-realm. Bayan ka ƙirƙiri realm ɗin, sai ka sanya shi cikin security-domain na Elytron, sannan ka haɗa shi da manhajar ta hanyar application-security-domain a sashen undertow, da kuma a sashen ejb3 idan manhajar tana amfani da EJB. Sunan da ka ba wa application-security-domain dole ne ya zama daidai da sunan da ke rubuce a jboss-web.xml, harafi da harafi.

Akwai wuri guda da ake yawan tuntuɓe a jdbc-realm. Tsofaffin manhajoji da dama sun adana kalmomin sirri a matsayin SHA-256 da aka rubuta da haruffan hex, alhali Elytron yana ɗauka cewa Base64 ne muddin ba a gaya masa akasin haka ba. Sakamakon shi ne kowa zai shigar da kalmar sirrinsa daidai, sabar ta ƙi shi, kuma babu wani kuskure da zai bayyana a server.log. Maganin shi ne a sanya hash-encoding=hex a cikin simple-digest-mapper. Idan shiga ta ƙi kuma ba ka ga dalili ba, ka ɗaga matakin rahoton org.wildfly.security zuwa TRACE na ɗan lokaci, zai nuna maka daidai inda aka tsaya, amma ka mayar da shi yadda yake da zarar ka gama, domin yana cika faifai da sauri.

Idan ƙungiyarku ta taɓa rubuta nata LoginModule ta hanyar gadon azuzuwan PicketBox, wannan kod ɗin sai an sake rubuta shi. EAP 8.0 tana da jaas-realm wanda yake karɓar LoginModule na JAAS, amma da sharaɗin cewa bai dogara da PicketBox ba. A ganina, sau da yawa ya fi sauƙi a tambayi kai me wannan kod ɗin yake yi tun asali, domin galibi za a tarar cewa jdbc-realm ko ldap-realm sun riga sun iya yin sa ba tare da layi ɗaya na kod ba.

Saura vault. Duk inda ka ga rubutu mai farawa da ${VAULT:: a cikin standalone.xml, ka sani cewa EAP 8.0 ba za ta gane shi ba. Kayan aikin elytron-tool.sh yana da umarnin vault wanda yake kwashe abin da ke cikin tsohuwar ma'ajiyar zuwa credential-store, idan ka ba shi wurin keystore, da kalmar sirrinsa, da salt, da adadin iteration, da alias. Waɗannan bayanai suna nan a sashen vault na tsohon fayil ɗin saiti. Bayan kwashewar, sai ka gyara kowane datasource ya yi amfani da credential-reference mai nuni ga sunan ma'ajiyar da alias ɗin da ya dace.

Mataki na uku: ɗaga Java zuwa 17, har yanzu a kan 7.4

Dalilin da ya sa wannan mataki ya biyo bayan na tsaro shi ne tsohon tsarin PicketBox ba ya aiki a kan Java 17, saboda haka sai an bar shi kafin a ɗaga. EAP 8.0 ta fito tana karɓar Java 11 da 17, amma babu hikima a tsaya a 11, tun da laburare da yawa na zamanin jakarta sun riga sun wuce ta.

Abu na farko da zai hana sabar tashi ba ya cikin manhajar, yana cikin standalone.conf. Zaɓuɓɓukan da aka gada daga zamanin Java 7 da 8, irin su -XX:MaxPermSize da -XX:+UseConcMarkSweepGC da -XX:+PrintGCDateStamps, Java 17 ba ta san su ba, kuma za ta tsaya nan take da saƙon Unrecognized VM option. Ka cire su, ka bar G1 wanda shi ne mai share ƙwaƙwalwa na asali, ka kuma yi amfani da -Xlog:gc idan kana son rahoton sharar. Abu na biyu shi ne Java 17 ta rufe ƙofar shiga azuzuwanta na ciki, don haka tsohuwar laburare da ta saba leƙa su za ta jefo InaccessibleObjectException. Umarnin jdeps --jdk-internals zai nuna maka waɗanda suke kiran azuzuwan ciki kai tsaye, amma ba ya gano masu leƙa su ta hanyar reflection. Ana iya buɗe ƙofar da --add-opens a matsayin mafita ta wucin gadi, amma sabunta laburaren shi ne gyara na gaskiya. Manhajar da take gudanar da JavaScript ta hanyar Nashorn kuma tana buƙatar a ƙara mata injin daban, domin an cire shi daga Java tun siga ta 15.

Idan manhajar ta yi aiki lafiya a kan 7.4 da Elytron da Java 17, ka kai ta ga masu amfani a haka, ka bar ta ta yi makonni. Rabin ƙaurar ya riga ya kammala ke nan.

Mataki na huɗu: girka EAP 8.0 da sabon manajan girkawa

A jerin EAP 7 ana sauko da fayil ɗin gyara ne a shigar da shi da umarnin patch apply. EAP 8.0 ta yi watsi da wannan hanya, ta kawo jboss-eap-installation-manager.sh, wanda yake ɗauko sassan sabar daga ma'ajiyar Maven bisa ga abin da ake kira channel, wato jerin da ke fayyace sigar kowane sashe da Red Hat ta gwada tare. Girkawa tana tafiya kamar haka:

jboss-eap-installation-manager.sh install --profile eap-8.0 --dir /opt/eap8

Daga baya, update list yana nuna sabuntawar da ke jira, update perform yana shigar da su, history yana nuna tarihin duk abin da aka yi wa sabar, revert kuma yana mayar da ita ga wani matsayi na baya. Wannan na ƙarshen ci gaba ne na gaske, domin kowane sauyi yana da lambarsa, kuma wanda ya karɓi aikin bayanka zai iya ganin abin da aka shigar da ranar da aka shigar da shi. Sabobin da ba su da hanyar fita intanet, kamar yadda yake a yawancin cibiyoyin kuɗi, ana sauko musu da ma'ajiyar a matsayin fayil ɗin zip, a nuna wa manajan wurinta da zaɓin --repositories.

Ka girka sabuwar sabar a folda ta daban, kada ka ɗora ta a kan tsohuwar. Idan kana son su yi aiki tare a na'ura ɗaya lokacin gwaji, ka tashe ta da -Djboss.socket.binding.port-offset=100, sai tashar 8080 ta koma 8180, ta gudanarwa kuma daga 9990 ta koma 10090.

Mataki na biyar: kwashe saitin sabar

Kada ka kwafi tsohon standalone.xml kai tsaye zuwa sabuwar sabar. JBoss Server Migration Tool ne yake wannan aiki, kuma ana kiran sa da jboss-server-migration.sh --source, sai wurin tsohuwar sabar, sannan --target, sai wurin sabuwar. Yana sabunta kowane sashe zuwa sabon tsari, yana cire waɗanda aka daina tallafawa, yana kwashe modules ɗin da saitin ya ambata, kuma yana barin rahoto mai suna migration-report.html. Ka karanta rahoton, sannan ka tashi sabar ba tare da kowace manhaja ba. Abin da kake nema a server.log shi ne saƙo mai lamba WFLYSRV0025, wanda yake nufin ta tashi lafiya. Idan WFLYSRV0026 ka gani, ta tashi ne da kurakurai, kuma bai kamata ka ci gaba ba sai ka warware su. Ka gwada kowane datasource da umarnin test-connection-in-pool.

Masu amfani da tsarin domain su lura cewa an sauya sunayen fayiloli: host-master.xml ya zama host-primary.xml, host-slave.xml kuma ya zama host-secondary.xml, don haka duk wani rubutun tashi da ke kiran tsofaffin sunayen yana buƙatar gyara. Sabar jagora ta 8.0 tana iya gudanar da sabobin 7.4 da ke ƙarƙashinta, abin da yake ba da damar a fara ɗaga jagorar, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na shida: daga javax zuwa jakarta

Asalin wannan sauyi shi ne, bayan Oracle ta miƙa Java EE ga Eclipse Foundation a 2017, ɓangarorin biyu ba su cimma matsaya ba kan ci gaba da bunƙasa ƙa'idojin a ƙarƙashin sunan javax. Saboda haka Jakarta EE 9 ta sauya sunayen a ƙarshen 2020, Jakarta EE 10 kuma ta biyo baya a watan Satumba na 2022 da sababbin abubuwa a kan sabon sunan.

A pom.xml, ka maye gurbin tsohon dogaro da jakarta.platform:jakarta.jakartaee-api siga 10.0.0 a matsayin provided, ko kuma ka yi amfani da BOM, wato jerin sigogin laburare, na Red Hat mai suna jboss-eap-ee domin sigogin su dace da abin da ke cikin sabar. Sauyin sunaye a cikin kod kuma ka bar wa OpenRewrite, kayan gyara kod ta atomatik, wanda yake da tsararren girki na ƙaura zuwa jakarta. Ina gargaɗi da babbar murya game da amfani da umarnin nemo-ka-musanya a kan kalmar javax gaba ɗaya, domin akwai fakitoci da yawa da suke na Java kanta ne kuma ba su sauya ba: javax.sql, javax.naming, javax.crypto, javax.net.ssl, javax.management da javax.xml.parsers duk suna nan yadda suke. Har a cikin gida ɗaya ma akwai rabuwa, domin javax.transaction ya koma jakarta.transaction amma javax.transaction.xa bai motsa ba, haka nan javax.annotation.PostConstruct ya sauya alhali javax.annotation.processing yana nan.

Sunan javax ba a cikin fayilolin Java kaɗai yake zaune ba. Fayilolin web.xml da beans.xml da faces-config.xml suna buƙatar sabon adireshin suna, https://jakarta.ee/xml/ns/jakartaee, tare da sabuwar lambar siga, wato 6.0 ga web.xml da 4.0 ga sauran biyun. A persistence.xml, duk wani saiti mai farawa da javax.persistence zai koma jakarta.persistence. Sannan akwai foldar META-INF/services, inda sunan fayil ɗin kansa shi ne sunan aji. Fayil mai suna javax.enterprise.inject.spi.Extension da aka manta ba a sauya masa suna ba, ba zai haifar da kuskure ko ɗaya ba, sabar za ta wuce shi kawai kamar babu shi, kuma duk aikin da yake yi zai ɓace shiru.

Laburaren waje kowace da hanyarta. PrimeFaces tana fitar da sigar jakarta ta hanyar classifier mai wannan suna, Jackson kuma tana da fakitoci daban irin su jackson-jakarta-rs-json-provider. Idan wata laburare ta tsufa har babu mai kula da ita, Eclipse Transformer yana iya sauya sunayen a cikin fayil ɗin JAR kai tsaye ba tare da asalin kod ba. Alamar cewa wata ta kuɓuce maka ita ce ClassNotFoundException ko NoClassDefFoundError mai ambaton wani abu kamar javax.servlet.Filter a lokacin ɗora manhajar.

Mataki na bakwai: abubuwan da suke harhaɗuwa lafiya amma su sauya hali

Kod ɗin da ya harhaɗu ba tare da kuskure ba bai tabbatar da komai ba tukuna. Akwai sauye-sauyen hali guda uku da na fi damuwa da su.

Na farko yana cikin CDI 4.0, ƙa'idar da ke cusa wa aji abubuwan da ya dogara da su. A da, fayil ɗin beans.xml da babu komai a cikinsa yana nufin a ɗauki dukkan azuzuwan manhajar a matsayin waɗanda za a iya cusawa da @Inject. Yanzu ma'anarsa ta koma a ɗauki waɗanda suke da alama kawai, irin su @ApplicationScoped ko @RequestScoped ko @Dependent. Manhajar da ta yi shekaru tana aiki za ta ƙi ɗoruwa da saƙon WELD-001408, mai cewa ba a samu abin da zai cika wani dogaro ba. Gyara mafi sauri shi ne a rubuta bean-discovery-mode="all" a cikin fayil ɗin. Gyara mafi kyau shi ne a sanya wa kowane aji alamarsa, domin hakan yana rage aikin da sabar take yi lokacin tashi. Sashen weld yana da saitin legacy-empty-beans-xml-treatment wanda yake dawo da tsohon hali ga sabar gaba ɗaya, kuma yana da amfani idan matsalar tana cikin JAR ɗin da ba naka ba.

Na biyu, kuma mafi haɗari, yana cikin Hibernate, laburaren da ke haɗa azuzuwan Java da teburan rumbun bayanai. EAP 7.4 tana ɗauke da Hibernate ORM 5.3, EAP 8.0 kuma da 6.2. An cire tsohon org.hibernate.Criteria, amma wannan zai bayyana tun wajen harhaɗawa, don haka ba abin tsoro ba ne. Abin tsoron shi ne lambobin shaida na layukan tebur. A siga ta 5, ajin da ke amfani da @GeneratedValue ba tare da ƙarin bayani ba yana karɓar lambarsa daga jeri guda mai suna hibernate_sequence. A siga ta 6, kowane aji yana neman jerinsa na kansa, mai ɗauke da sunansa da ƙarin _SEQ, kuma yana ɗebo lambobi hamsin-hamsin. Idan jerin babu shi, manhajar za ta faɗi, wanda shi ne sakamako mai sauƙi. Idan kuwa an bar Hibernate yana ƙirƙirar abin da ya rasa a rumbun, zai buɗe sabon jeri daga lamba 1 a kan teburin da yake cike da bayanai, sai sababbin layuka su fara karo da tsofaffi. Saitin hibernate.id.db_structure_naming_strategy, idan aka ba shi legacy ko single, yana dawo da tsohon suna. Duk da haka na fi son a rubuta @SequenceGenerator a fili ga kowane aji, da sunan jerin da allocationSize da ya dace da abin da ke cikin rumbun, domin kada wata siga ta gaba ta sake yanke hukunci a madadinka. Hibernate 6 ya kuma fi tsanani wajen duba tambayoyin HQL, saboda haka tambayar da take kwatanta rubutu da lamba, wadda a da take wucewa, yanzu tana iya tsayawa. Babu hanyar gano waɗannan sai an gudanar da kowace tambaya a kan kwafin bayanai na gaske.

Na uku ya shafi shafukan Faces. Siga ta 4.0 ta cire @ManagedBean da sauran alamomin fakitin javax.faces.bean, ta kuma daina karɓar JSP a matsayin hanyar zana shafi. Ana maye gurbinsu da @Named tare da alamomin CDI, da kuma Facelets. Ka kula wajen @ViewScoped, ka ɗauko na jakarta.faces.view, kuma ajin ya kasance Serializable. A gefe guda, sabar ta daina samar da Log4j siga ta 1, don haka manhajar da take kiran org.apache.log4j tana buƙatar komawa Log4j 2 ko SLF4J ko JBoss Logging.

Mataki na takwas: fara amfani da sababbin abubuwa

Sai manhajar ta tsaya da ƙafafunta a kan 8.0 sannan ya dace a fara ɗaukar sababbin abubuwa, kuma wanda ya fi saurin biyan wahalarsa shi ne sashen elytron-oidc-client. A da, haɗa manhaja da sabobin tantance masu shiga irin su Keycloak ko Red Hat Single Sign-On yana buƙatar girka adafta ta musamman a kan sabar, wadda dole a riƙa daidaita sigarta da ta ɓangarorin biyu. Yanzu OpenID Connect (OIDC), ƙa'idar da ake yin wannan tantancewa da ita, yana cikin sabar kanta. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta OIDC a matsayin auth-method a web.xml, sannan a ajiye fayil mai suna oidc.json a foldar WEB-INF, ɗauke da provider-url da client-id da sirrin manhajar. Wanda ya fi son bin ƙa'idar da ba ta ɗaure shi ga saba guda ba yana iya amfani da @OpenIdAuthenticationMechanismDefinition na Jakarta Security 3.0.

Na biyu shi ne eap-maven-plugin, wanda yake gina saba daidai da bukatar manhajar a lokacin harhaɗa ta. Ana zaɓar yadudduka na Galleon, wato rukunonin sassan sabar, kamar jaxrs-server ga manhajar da REST da rumbun bayanai kawai take buƙata, ko cloud-server ga wadda za ta zauna a OpenShift, sai a samu saba ƙarama wadda babu sassan da ba a amfani da su a cikinta. Amfanin bai tsaya ga ƙarancin nauyi da saurin tashi ba, domin sashen da ba a girka ba, ba zai taɓa zama ƙofar kutse ba, kuma ba ya buƙatar gyaran gaggawa idan aka gano rauni a cikinsa.

A cikin kod ma akwai sauƙi da dama. Jakarta Persistence 3.1 ta kawo GenerationType.UUID da ayyukan lissafi a JPQL irin su CEILING, FLOOR, ROUND da EXTRACT, waɗanda a da sai an koma ga SQL na rumbun kai tsaye. Jakarta REST 3.1 ta kawo EntityPart domin karɓar fayilolin da aka ɗoro ta fom ba tare da dogaro da azuzuwan RESTEasy ba. Jakarta Concurrency 3.0 ta ba da damar bayyana tafkin zaren aiki a cikin kod da @ManagedExecutorDefinition, Servlet 6.0 kuma ta ƙara setAttribute ga Cookie, wanda da shi ake sanya SameSite. Masu buƙatar MicroProfile su sani cewa ba ya cikin sabar ta asali, yana zuwa ne ta ƙarin EAP XP 5.0.

Mataki na tara: ranar sauyi

Kada ka sanya sabar 7.4 da ta 8.0 cikin gungu ɗaya da fatan za su raba zaman masu amfani, domin sigogin Infinispan da JGroups, sassan da ke raba bayanai tsakanin sabobin gungu, sun bambanta, haka ma sunayen azuzuwan da ke cikin zaman. Ka kafa sabon gungu daban mai nasa adireshin ganowa, ka sanar da masu amfani cewa za su sake shiga, sannan ka karkatar da zirga-zirga daga mai rarrabawa da ke gaba, ko Apache ne ko HAProxy ko wani.

Kafin ka kashe tsohuwar sabar, ka ba ta umarnin suspend domin ta daina karɓar sababbin buƙatu ta kuma kammala waɗanda ke hannu. Ka duba log-store na sashen transactions ka tabbatar babu wata mu'amala da ta rage a rataye, domin mu'amalar da ta tsaya tsakanin rumbuna biyu tana iya riƙe makulli a kan tebur har sai an warware ta da hannu. Layukan saƙonni na ActiveMQ Artemis da ke cikin sabar ya fi kyau a bar su su ƙare kafin sauyin. Idan hakan bai yiwu ba, ana tashin tsohuwar sabar a yanayin admin-only a fitar da saƙonnin da export-journal, a shigar da su a sabuwar da import-journal. Masu ƙidayar lokaci na EJB da aka adana su ma suna buƙatar a duba su, domin kada aikin dare ya gudana sau biyu ko ya ƙi gudana sam.

Ka bar tsohuwar sabar a girke, a kashe, tare da tsofaffin fayilolin WAR, har sai sabuwar ta wuce aƙalla zagaye ɗaya na ayyukan ƙarshen wata, tun da a nan ne rahotanni da tambayoyin da ba a cika gudanarwa ba suke fitowa. Sharaɗin da zai sa komawa baya ta yiwu shi ne kada a yi wa rumbun bayanai wani sauyin da tsohuwar manhajar ba za ta iya karantawa ba a cikin wannan lokaci, kuma wannan ya haɗa da jerin lambobin shaida da aka yi bayani a mataki na bakwai. Duk wani gyaran tebur da ba na dole ba a ɗage shi zuwa bayan an rufe 7.4 gaba ɗaya.